Ƙwallon Gela

Wata bakwai Jumber ya yi a gidan Nugzar bai buɗe akwatin kyamararsa ba. Daga Tbilisi, babban birnin ƙasarmu, ya zo a farkon kaka, sati biyu bayan an binne Gela, ɗan Nugzar tilo, wanda motar katako ta faɗa da shi cikin kogi. Ya ce shi darakta ne, fim zai yi a kan lelo, wasan kokawar ƙwallo na garinmu, yana neman ɗaki. Lamara, matar Nugzar, ta ba shi ɗakin mamacin don ta gaji da wucewa ta ƙofarsa a rufe.

Mu mutanen yankin Guriya ba a raba mu da tsegumi, kuma Jumber ya ba mu abin yi har muka ƙoshi. Darakta ne da ba ya rubuta labari, ba ya ɗaukar 'yan wasa, kuma a rayuwarsa bai taɓa cewa a sake ba. Kyamararsa tsohuwa ce da ake wana ta da hannu, faifai ɗaya minti uku ya ƙare. Aikinsa kullum shi ne ya bi gida gida, ya ci wainar masara da cuku, ya sha giyar inabin masu gida, ya zura wa mutum ido har mutum ya fara laluben hancinsa ko wani abu ya maƙale. Yana da ɗan littafi da yake zane a ciki, wani da ya leƙa ya ce ba komai a ciki sai bakunan mutane. Matan garin suka sa masa suna Mai Duba, shi kuwa yana amsawa.

Nugzar ya taɓa tambayarsa a kan tebur. "Wai kai yaushe za ka fara aikin ne? Kajin Lamara sun kusa ƙarewa."

"Ai na kusa gamawa," in ji Jumber. "Fim fuska ɗaya ce kawai, maigida. Sauran duk hanya ce ta zuwa wurinta."

"Fuskar wa?"

"In na gan ta zan gaya maka."

Nugzar ya yi dariya, abin da bai yi ba tun jana'iza. Wannan ne ya sa ya riƙe baƙon da hannu biyu. Mutumin yakan zauna ya saurare shi yana ba da labarin Gela har abinci ya huce, bai taɓa ce masa ya yi haƙuri ba, kuma Nugzar ya ƙoshi da masu ba shi haƙuri.

Abu ɗaya Nugzar yake jira a duniya, ranar Ista. A ranar ne Unguwar Sama da Unguwar Ƙasa suke haɗuwa a gaban coci su yi kokawa a kan ƙwallon fata da aka cusa wa yashi da garin katako da giya, mai nauyin ɗan maraƙi sabon haihuwa. Ba alƙali, ba adadin 'yan wasa. Unguwar da ta tsallake da shi rafin da ke bayanta ita ta ci, ta ɗauke shi ta kai kan kabarin wanda ta rasa a shekarar. Maƙabartarmu cike take da tsofaffin ƙwallaye da ruwan sama ya baƙanta. Shekara huɗu a jere Unguwar Sama ce take ci. Nugzar mutumin Ƙasa ne, shekararsa hamsin da uku, gwiwarsa ɗaya ta lalace, kuma ya rantse a gaban Lamara cewa bana ƙwallon kan Gela zai kwana.

Jagoran Sama kuwa Amiran ne, maƙerin garin, ƙato mai wuya kamar turmi. Tare suka tashi da Nugzar, tare suka yi soja, kuma shi ne ya riƙe Gela ranar da aka yi masa baftisma. A wurinmu uban baftisma ya wuce ɗan'uwa na jini. Shekara talatin suna fasa wa juna baki a lelo, da yamma su zauna tebur ɗaya suna ƙirga haƙoran da suka rage. A bana mamacin Sama wani tsohon malamin makaranta ne, Ilarion, da ya mutu a kan gadonsa yana da shekara casa'in da ɗaya.

Ranar Asabar, jajiberin Ista, da safe Nugzar yana feɗe ɗan rago a ƙarƙashin rumfar inabi, Jumber ya zo ya tsuguna yana riƙe masa ƙafa.

"Jiya na je taron mutanen Sama a maƙera," ya ce.

"Suna ta cika baki ko?"

"Akwai maganar da na ji, ban san ko in gaya maka ba."

"In ba ka so faɗa ba ai ba za ka fara ba."

Jumber ya dube shi da wannan kallon nasa. "Wani ya ce ko a sassauta muku bana saboda Gela. Amiran ya ce ƙwallon lelo ba na mashaya ba ne. Ya ce yaron da ya bugu ya jefa kansa a kogi, kwalba ya kamata a ajiye masa."

Wuƙar ta tsaya a hannun Nugzar. Wannan ita ce maganar da ba wanda ya taɓa yi a gabansa, ita ce kuma take hana shi barci, don shi kansa bai san ko Gela ya sha a ranar ba.

"Amiran ne ya faɗi haka? Da bakinsa?"

"Ina zaune kusa da shi."

Nugzar ya ci gaba da fiɗa, amma ya yayyanka fatar har ta tashi daga aiki. Bai gaya wa Lamara ba. Bai kuma hau tudu ya tambayi Amiran ba, tafiyar minti goma kacal. Mu haka muke, mun fi son mu riƙe magana a ciki ta ruɓe da mu je mu ce wane, ka faɗi kaza?

Da safiyar Ista aka taru a gidan fada, limamin cocinmu, ana cusa ƙwallo. Kowa ya zuba yashi, fada ya tsiyaya giya a ciki, ya tsiyaya a kofi, ana ta shewa ana zagin juna cikin raha. A ranar ne muka fara ganin kyamarar Jumber. Wata mata mai suna Eteri ta zo daga Tbilisi don ta riƙe ta, siririya, taba a baki, ba ta gaisawa da kowa. Amiran ya ratso mutane ya nufo Nugzar da jan ƙwai a hannu.

"Almasihu ya tashi, tsohon gurgu. Kawo naka mu gwara mu ga na wa zai fashe."

Nugzar ya karɓi ƙwan daga hannunsa, ya matse shi a tafinsa har gwaiduwar ta fito ta tsakanin yatsunsa, ya goge a rigar Amiran.

"Mu haɗu da yamma," ya ce.

Amiran ya bi shi da kallo, ya girgiza kai, ya ce wa na kusa da shi, "Ku ƙyale shi, ranar ce ta yi masa nauyi."

Ƙarfe biyar aka harba bindiga. Fada ya fito ƙofar coci da ƙwallon a rungume, yana tangaɗi saboda nauyi da kuma abin da ya sha, ya wurga shi cikin mutane. Maza kusan ɗari uku suka rufta a kai.

Wanda bai taɓa shiga tsakiyar lelo ba bai san matsi ba. Ba ka ganin ƙwallo, ba ka ganin sama, ƙafarka takan bar ƙasa ka yi ta tafiya a haƙarƙarin wasu. Nugzar ya sunkuyar da kai ya kutsa. Gwiwar hannun wani ta same shi a baki, ya tofar da jini da guntun haƙori a wuyan na gabansa. Tururi yana tashi daga jikin mutane, ga warin gumi da giya da taɓo. Can gefe wani ya ɗaga hannu yana ihu, aka ja shi ta saman kawuna aka jefar waje, hannunsa yana lilo ta inda ba gaɓa. Mata suna bayan maza suna turawa, suna kiran sunayen mazajensu da zagi.

Tarin mutanen ya gangara ya bi ta kan shingen gidan wata bazawara, ya kwantar da shi, ya tattake albasarta da itacen lemonta. Ya komo titi. Mutanen Sama suka yi kukan kura suka tura Ƙasa taku ashirin, har Nugzar ya ji gwiwarsa ta yi ƙara. Ya faɗi, takalma suka bi ta bayansa da kunnensa, ya kama wandon wani ya miƙe. Da ya ɗago ya hango Jumber a kan rufin rumfar jiran mota, yana tsaye a bayan Eteri, hannunsa a kan kafaɗarta. Kyamarar tana rufe. Awa ɗaya da rabi ana karya ƙasusuwa a gabansa bai ɗauki ko minti ɗaya ba.

Wajen ƙarfe bakwai saura tarin ya matse a jikin ƙofar ƙarfe ta tsohuwar masana'antar shayi. Ƙwallon ya sulale ƙasa tsakanin ƙafafu, Amiran ya faɗa a kansa ya rungume, kamar yadda yake yi duk shekara, yana jiran mutanensa su ja shi da ƙwallon gaba ɗaya. Nugzar ya rarrafa ta ƙarƙashin mutane har ya iso kansa. Ya cusa hannu, Amiran ya ƙara ƙanƙamewa yana dariya, duk fuskarsa taɓo.

"Sai dai ka haƙura, gurgu."

A lelo ana naushi, ana cizo ma in ta kama, amma akwai abin da ba a yi, kuma kowa ya san shi ba tare da an faɗa ba. Nugzar ya kama hannun Amiran na dama, hannun da yake riƙe guduma, ya ɗora gwiwarsa a kan gwiwar hannun ya danna da duk nauyinsa. Ƙarar ta fito kamar an karya busasshen kara. Amiran ya yi wani irin gurnani, amma bai saki ba, ya riƙe da hagu. Nugzar ya damƙi gashinsa.

"Nugzar," in ji Amiran, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ni ne fa."

"Na sani."

Ya buga fuskarsa a jikin ƙarfen ƙofar. Ya sake bugawa. A karo na uku gefen ƙarfen ya shiga idon hagu, jini ya fesa har cikin bakin Nugzar, hannun Amiran ya saki. Waɗanda suke kusa suka ja baya don tsoro, wannan ɗan sararin kuwa shi Nugzar yake nema. Ya sunkuci ƙwallon ya miƙa wa samarin Ƙasa, suka rufe shi da jikinsu suka gangara. Mutanen Sama rabinsu sun tsaya a kan jagoransu. Kafin minti goma ƙwallon ya tsallake rafin Ƙasa, aka harba bindiga.

Nugzar ya ji daɗi, kada wani ya ce bai ji ba. Ya tsaya cikin rafin ruwa har gwiwa yana haki, aka ɗora masa ƙwallon a ƙirji, ya ji kamar an cire masa dutsen da ya danne shi wata bakwai. Ya hango an saka Amiran a bayan wata mota an nufi asibiti, bai ji komai ba sai cewa Amiran ya biya.

Rana tana gab da faɗuwa suka shiga maƙabarta. Ba wanda ya yi waƙa, ko da yake an saba yi. Lamara tana tsaye a gefen kabarin cikin baƙaƙen kaya, ta kunna kyandir. Nugzar ya durƙusa da ƙyar ya ajiye ƙwallon a ƙarƙashin hoton Gela da aka zana a jikin dutse. Fatar ta jiƙe da taɓo da jini. Ya dafa dutsen.

"Ga shi na kawo maka, ɗana," ya ce, hawaye suka zubo masa.

A nan ne ya ji wata ƙara a gefensa, tar-tar-tar, kamar keken ɗinki. Eteri ce ta durƙusa taku uku daga gare shi, kyamara a ido. Jumber ya tsuguna kusa da ita, ya yi magana a hankali, yadda likita yake yi wa mara lafiya.

"Maigida, dube ni. Amiran bai faɗi maganar nan ba."

Nugzar ya juyo.

"Ni na ƙirƙira ta. A taron maƙera abin da ya faɗa daban ne. Ya roƙi mutanensa da 'ya'yan Ilarion cewa in sun ci bana, Gela za a kawo wa ƙwallon. Suka yarda. Ya ce kada a gaya maka, don ba za ka karɓi sadaka ba, kuma ba za su sassauta ba, don ƙwallon da ba a sha wuya a kansa ba bai cancanci yaron ba. Ko wa ya ci yau, nan ƙwallon zai zo."

Maƙabartar ta yi tsit, ba abin da ake ji sai kyamarar. Nugzar ya dubi hannuwansa. Ya dubi mutanen Sama biyu da suka biyo su suna tsaye a bakin shinge, ɗayansu ya sunkuyar da kai, sai Nugzar ya gane gaskiya ne. Abin da fuskarsa ta yi a wannan lokacin ni ba zan iya faɗa ba, na gani dai, kuma da ban gani ba ya fi mini.

"Ita ce fuskar," in ji Jumber a kunnen Eteri. "Kada ki motsa."

Nugzar ya tashi. Gwiwar da ta hana shi tafiya ba ta hana shi tsalle ba. Ya cafki Jumber a wuya suka faɗi tsakanin kaburbura biyu. Naushin farko ya baje hancin, na biyu ya tsinke leɓe a kan haƙora. Jumber bai kare kansa ba, hannuwansa a buɗe a ƙasa, kuma wannan ya ƙara tunzura Nugzar. Ya kama kunnuwansa ya buga ƙeyarsa a gefen siminti.

"A ɗakin ɗana ka kwana," yana faɗa yana bugawa. "A gadonsa. Ka ci abincin uwarsa."

Ba wanda ya yi saurin rabawa, gaskiya ce wannan, har da ni. Sai da Nugzar ya laluba ya ɗauko wani dutsen da ake dafe furanni da shi ya ɗaga sama, sannan maza huɗu suka rufa masa suka murɗe hannun. Ya yi ta fizga yana harbi da ƙafa har ƙarfinsa ya ƙare. Eteri ba ta ajiye kyamarar ba sai da faifan ya ƙare da kansa. Sannan ta tashi ta je ta ɗaga kan Jumber. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, jini yana fita ta kunnensa. Ya motsa baki, ta sunkuya.

"Haske ya isa?" ya tambaya.

"Ya isa," ta ce.

Lamara ta tako ta tsaya a kansu. Ba ta ɗaga murya ba. "Ku kwashe shi daga kusa da ɗana. Kayansa za ku same su a kan titi."

Aka ja shi aka fita da shi, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa burodin cuku da giyar da Lamara ta kawo don a ci a kan kabarin. Nugzar yana zaune a ƙasa, bayansa a jikin shingen kabarin wani, yana kallon ƙwallon. Wata bakwai yana mafarkin ganinsa a wurin nan, ga shi yana wurin, kuma ya fi son a ce ƙasa ta haɗiye shi da ƙwallon. Kunya ce take cinsa, irin wadda ba ta barin mutum ya yi kuka.

Yana nan zaune wata mata ta shigo ta ƙaramar ƙofa. Tsiala ce, matar Amiran. Gaban rigarta ta Ista duk ya bushe da jini, don ita ta riƙe kan mijinta a mota. Lamara ta nufe ta da hannu a miƙe, Tsiala ta kauce mata ba tare da ta dube ta ba. Ta zo ta tsaya a gaban kabarin, ta yi alamar gicciye, ta daɗe tana kallon ƙwallon.

Nugzar ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa. "Tsiala, idon..."

"Babu shi," ta ce. "Hannun kuma sun ce sai an sa ƙarfe, ba su san ko zai sake riƙe guduma ba."

"Ƙarya aka yi mini. Baƙon nan ne ya ce..."

"Na ji a hanya. Ba wurinka na zo ba." Har yanzu ba ta juyo ba. "Za su shiga da shi ɗakin tiyata ya riƙe rigar likita, ya ce ba za a taɓa shi ba sai na zo na gani da idona. Tambaya ɗaya yake yi tun a mota, wai ƙwallon ya isa wurin yaron?"

Ta gyara kyandir ɗin da iska ta karkatar, ta goge yatsunta a gefen riga.

"Zan je in ce masa ya isa," ta ce, ta juya ta fita.